Zaman Benci Ɗaya Ba Shi Ne Sanin Juna Ba

Tun ranar 26 ga Maris 2025 da aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki, sauran harsunanmu tara kuma aka jera su a matsayin waɗanda ake magana da su cikin ƙasar. A kasuwar Maraɗi da tashoshin Damagaram an yi murna, kuma ba mu ga laifin mai murna ba: harshen da aka yi shekaru ana dukan yara a lakwal don sun furta shi, yau ga shi cikin dokar ƙoli. Sai dai mu da muka sha Hausa a nono, mu ya kamata mu fi kowa natsuwa a kan wannan al'amari, domin wanda aka ɗora bisa doki shi ke da alhakin duba na ƙasa kada ya taka shi.

Wurin da za a fara ganin ko mun iya wannan hawan shi ne aji. Duk wanda ya leƙa lakwal ta gwamnati a Tawa, ko Agadas, ko Difa, ko unguwannin Yamai, ya san benci guda na iya ɗaukar Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da Ba'abzine, wani lokaci har da Babarbare ko Batube ko Balarabe. Ga ɗiyan ma'aikata da canjin wurin aiki ke jefawa daga Gaya zuwa Ngigmi, ga ɗiyan ƴan kasuwar Benin da Togo da Najeriya da aka haifa a nan. Bayan haka rigingimun maƙwabta sun ƙaro mana baƙi: ƴan Mali a Tilaberi da arewacin Tawa tun 2012, ƴan Barno a Difa tun 2013, mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina a yankin Gidan Runji tun 2019. Dukansu malami guda ke tsaye a gabansu, da alli guda. Abin da waɗannan yara ke faɗa wa juna idan an fita hutun ƙarfe goma, shi ne batunmu na wannan mako.

Mu ƴan Nijar ba mu son jin kalmar wariya. Mun bar wa Afirka ta Kudu ta kafin 1994 ita, mun bar wa Amurka, muna cewa mu nan duk uwa ɗaya uba ɗaya. To amma wane suna za a ba abin da ake yi wa yaron da ake kira ɓarawon shanu don kawai ubansa makiyayi ne? Ko yarinyar da ake cewa ta kwashe jar fatarta ta koma Libiya, alhali a cikin duwatsun Abzin aka binne kakan kakanta? Ko wanda a wata lakwal ta arewa ake kira baƙin bawa, har ƴan ajinsu su ƙi shan ruwa da moɗar da ya sha? Ko ɗan gudun hijirar da ake yi wa laƙabi da sunan mutanen da suka ƙone garinsu? Manya sukan ce ƙuruciya ce. Ƙuruciya ce kuwa, amma yaro ba ya ƙirƙiro irin waɗannan kalmomi da kansa. A bakin murhu da zaure ya tsince su, kuma da su zai girma idan ba a tare shi ba.

Tarihinmu na kusa ya isa ya hana mu raina wannan magana. A watan Mayu 1990 an yi abin da aka yi a Cintabaradan, inda martanin sojoji ya faɗa kan Abzinawa fararen hula, daga nan kuma aka shiga tawayen da sai ranar 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu kan yarjejeniyar kawo ƙarshensa. A 2007 wutar ta sake tashi har zuwa 2009. A watan Oktoba 1991, babban taron ƙasa na zaune a Yamai ana ta jawabai kan ƴancin ɗan Adam, aka kashe Fulani fiye da ɗari a Toda, nan cikin jahar Maraɗi, mafi yawansu mata da yara, kuma waɗanda suka kashe su maƙwabtansu ne manoma masu magana da harshen da muke rubutu da shi yanzu. A watan Oktoba 2006 gwamnati ta ba da sanarwar korar Larabawan Mahamid daga Difa zuwa Cadi, kafin ta janye cikin ƴan kwanaki. A zaɓen 2020 zuwa 2021 kuwa, kowa ya ji yadda asali da launin fatar ɗan takara guda suka zama abin yaƙin neman ƙuri'a, har maganar ta kai gaban kotun tsarin mulki. Ko mutum na goyon bayan Bazoum ko yana adawa da shi, ya san yara sun ji abin da manya suka riƙa faɗa a lokacin, kuma sun kai shi filin lakwal.

Doka dai ba mu rasa ta ba. Kundin tsarin mulkin 1992 ya haramta kafa jam'iyya bisa ƙabila ko yanki ko addini, kuma aya ta 102 ta kundin hukunta laifuffuka ta tanadi ɗauri ga mai nuna wariyar jinsi ko ta ƙabila da mai yaɗa ɓangaranci. Amma doka sai an yi ɓarna take zuwa, kuma babu alƙalin da zai shiga ajin CE2 ya hukunta ɗan shekara tara.

Idan aka tayar da wannan zance a majalisar dattawa ko a ofis, amsar da ke fitowa nan take ita ce: ai muna da wasan taubasai. Gaskiya ne muna da shi, kuma abin alfahari ne. Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Babarbare, Bafillace da Ba'are, Bazabarme da Ba'abzine, kowa na iya faɗa wa ɗan'uwansa maganar da in wani ne ya faɗe ta sai an zare wuƙa, a yi dariya a watse. Zabarmawa da Fulani da Abzinawa kowa na da sunan da yake kiran wannan zumunci da shi cikin harshensa, kuma a 2014 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam da sunan Nijar. Sau nawa aka kashe rigimar gona ko ta bashi don kawai wani taubashi ya shiga tsakani?

Sai dai akwai abu biyu da masu yabon wannan al'ada ba su cika faɗa ba. Na farko, taubasantaka alkawari ce kafin ta zama ba'a. Wanda ke da ikon zolayarka shi ne wanda ba shi da ikon cutar da kai, wanda dole ya sauke ka idan dare ya yi maka, ya tsaya maka idan an zalunce ka. Yaron birni na yau ya gaji ba'ar, bai gaji alkawarin ba. Ya ji babansa na ce wa abokin aikinsa bawana, bai san abin da ya ɗaure su ba, sai ya ɗauki kalmar tsurarta ya jefi duk wanda ya ga dama. Na biyu, wanda ya fi muni, wasan tsakanin tsara ake yin sa, wato tsakanin al'ummomin da kowace ke ganin ɗayar ɗiya ce kamarta. Wanda ake ɗauka jikan bayi ne da gaske, shi wa ke taubashinsa? Idan aka ce masa bawa, ba ya da bakin ramawa, kuma ba wanda ke dariya sai mai faɗa. Haka ɗan maƙeri a wasu yankuna, haka baƙon da ya shigo jiya daga Zamfara ko Menaka, wanda babu wani tsohon alkawari da ya rufe shi.

Kada kuma wani ya ce maganar bauta tsohon labari ce. Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bauta babban laifi mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30, bayan gwagwarmayar ƙungiyar Timidria da aka kafa a 1991. A ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta sami ƙasarmu da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12, ta kuma umarci a biya ta miliyan 10 na sefa. Ba can cikin Tenere abin ya faru ba. A yankin Ƙwanni ne, inda al'adar wahaya ta daɗe, kuma masu sayen irin waɗannan ƴan mata da yawansu masu hali ne da ke magana da Hausa. Ƴaƴan waɗannan mata suna cikin azuzuwanmu, kuma ƴan ajinsu sun san ko su wane ne.

Wasu kuma na ganin lakwal da kanta magani ce: a tara yara wuri guda, su saba, shi ke nan. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma masana sun auna shi. Wani malamin jami'ar Harvard mai suna Gordon Allport ya rubuta a 1954, shekarar da kotun ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun farare da baƙaƙe, cewa cuɗanya na rage ƙiyayya idan an cika wasu sharuɗɗa: ɓangarorin su kasance da daraja ɗaya a wurin haɗuwar, su kasance da buri ɗaya, su yi aiki tare maimakon gasa, kuma hukuma ta fito fili ta goyi bayan abin. A 2006 Thomas Pettigrew da Linda Tropp suka tattara bincike 515 daga ƙasashe 38, suka iske a mafi yawansu cuɗanya na tafiya da raguwar ƙiyayya, kuma amfanin ya fi yawa inda aka cika sharuɗɗan Allport. Bayan shekara biyu suka ƙara wani bayani da ya kamata masu tsara manhaja su riƙe: sanin labarin wata al'umma kawai na taimakawa, amma bai kai ƙarfin raguwar tsoro da iya sa kai a matsayin ɗan'uwa ba. Ma'ana, darasin da za a haddace a kan al'adun Tubawa don cin jarrabawa ba zai yi aikin da zama da Batube a warware lissafi tare zai yi ba.

Yanzu a auna ajinmu da waɗannan sharuɗɗa. Malami ya yi tambaya, yara goma da suka iya harshen suna ɗaga hannu suna kaɗa yatsa, mushe, mushe. Wanda bai gane ba yana can benci na ƙarshe. Ƙarshen wata a karanta na ɗaya zuwa na ƙarshe a gaban kowa, a yi wa na ƙarshe ihu. Wannan gasa ce tsantsa, kuma a cikinta faɗuwar ɗan'uwanka ci gabanka ce. Idan kuma ya kasance kullum ɗiyan makiyaya da ƴan gudun hijira ne ke rufe jerin, saboda harshe ko saboda fashin da ba laifinsu ba, to ajin da kansa ke koya wa sauran cewa waɗannan mutane haka Allah ya yi su.

Irin wannan matsala ce Elliot Aronson ya tarar a birnin Austin na jihar Texas a 1971, lokacin da aka haɗa ƴaƴan farare da baƙaƙe da ƴan asalin Meziko a aji guda, faɗa ya ɓarke. Dabarar da ya kawo mai sauƙi ce har ta kusa ba da dariya. A raba aji ƙungiya-ƙungiya, yara biyar ko shida daga asali dabam-dabam. A yanka darasi gida biyar ko shida, a ba kowane yaro yanki guda, shi kaɗai ke da shi cikin ƙungiyarsu. Jarrabawa kuwa a kan darasin duka za a yi ta. Ke nan wanda ya yi wa ɗan Meziko dariya don Ingilishinsa na karyewa, kansa ya cuta, domin ba shi da inda zai samo wannan yankin sai a bakinsa. Dole ya yi haƙuri, ya saurara, ya yi tambaya cikin ladabi. Cikin ƴan makonni aka ga ƙiyayya ta ragu, makin yaran da ake rainawa ya hau, na sauran kuma bai sauka ba. Muna jan hankalin masu kula da kasafin kuɗi cewa wannan hanya ba ta buƙatar kwamfuta ko lantarki. A ajin da littafi guda ke hannun yara biyar, kusan ma ita ce ta fi dacewa.

Ruwanda ta nuna fuska biyu na abin da aji ke iya haifarwa. Kafin 1994 ana rabon gurabun makarantun sakandare bisa ƙabila, kuma waɗanda suka tsira da yawa sun ba da labarin yadda malami kan ce ƴan Tutsi su miƙe tsaye a ƙirga su a gaban ƴan ajinsu. A watan Maris 1997 kuwa, da ƴan bindiga suka shiga makarantar sakandaren Nyange da dare suka ce ɗalibai su rabu, Hutu gefe Tutsi gefe, yaran suka ƙi, suka ce su duka ƴan Ruwanda ne. An kashe shida a daren.

Mene ne to fahimtar al'ada, idan ba bikin ƙarshen shekara ba ne da ake sa wa yarinya tufafin Wodaɓe a yi mata kwalliya ta yi rawa gaban gwamna? Irin wannan biki mun gaje shi tun zamanin Samariya, ba ma ƙin sa, amma yana koya wa yaro kallon ɗan'uwansa kamar abin nishaɗi, gobe kuma a koma gidan jiya. Fahimtar da muke nufi ita ce sanin dalili. Malamin da ya tambayi ɗan Fulani sunan mahaifinsa a gaban aji, yaron ya sunkuyar da kai ya yi shiru, idan bai san kunyar Fulani ba zai rubuta cewa yaron daƙiƙi ne ko mai taurin kai, alhali tarbiyya ce yake nunawa. Haka idan ya ƙi cin abincin makaranta a idon mutane. Saurayin Abzinawa da ya kai shekarun naɗa rawani, ya ja shi ya rufe baki a gaban direkta, girmamawa ce yake yi, wanda bai sani ba zai ce raini ne. Yaron da ya ɓace wata biyu da rani don rijiya ta ƙafe iyalinsa sun tashi, ba gudun karatu ya yi ba. Mu kanmu Hausawa mun ɗanɗani wannan a hannun malaman Turawa da ke cewa yaron da ba ya kallon idon babba maƙaryaci ne. Idan malami ya fahimci dalili ya bayyana wa aji, abin dariya ya zama abin sani. Idan kuwa shi ya fara yin dariyar, ya ba yara sittin lasisi.

Nan ne maganar harshe ke dawowa. Waɗanda suka haura shekara arba'in cikinmu sun san sambol, wancan ƙashi ko guntun itace da ake rataya wa yaron da ya kuskura ya yi harshen gidansu a lakwal, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin yamma. A ƙarƙashin sambol dukanmu baƙi ne, Bahaushe da Bagurme duk ɗaya. Yau lissafin ya canza. Hausawa sun fi rabin al'ummar ƙasa, wasu da yawa kuma na jin Hausa a kasuwa, ga doka ta ba ta matsayi. Ɗan Bahaushe zai shiga aji da jarinsa a baki, ɗan Makalondi ko ɗan Bilma kuwa zai iya iske kansa da baƙin harsuna biyu maimakon ɗaya. Idan aka bar abin haka, sharaɗin farko na Allport ya faɗi tun ranar shiga CI, kuma Hausa za ta gaji baƙin jinin da Faransanci ya tara, da ƙari, domin ita ta gida ce, kuma zafin rainin na gida ya fi na baƙo daɗewa.

Muna da abin da za mu dogara a kai. Tun 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji ta farko a Damagaram inda ake fara karatu da harshen uwa, daga baya aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa cikin harsunan ƙasa tare da Faransanci, dokar 2001 kuma ta lissafa harsuna goma, har da Tasawak na mutanen Ingal da harshen Buduma na tafkin Cadi. Shekara hamsin ke nan ana kiran abin gwaji, wanda shi kansa abin kunya ne. Ra'ayinmu shi ne kowane yaro ya fara karatu da harshen da ya zo da shi inda hakan zai yiwu, kuma ɗan Bahaushe, tun da an sauƙaƙa masa, a ɗora masa koyon wani harshen ƙasa guda, da maki a jarrabawa. Ɗan Tasawa da ya yi shekara uku yana karya Tamajak ana gyara masa, ya ɗanɗani abin da na benci na ƙarshe ke ji, kuma a karo na farko ɗan makiyayi ne malaminsa.

Darasin tarihi ma na jiran gyara, kuma kayan gyaran na nan zube. Gidan sarautar Damagaram daga Barno ya samo tushe, kuma unguwar Zango masaukin ayarin Abzinawa ce tun asali. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Bafillace, a Maratta aka haife shi a 1754 cikin ƙasar Gobir, ya kuma bi malaminsa Jibrila ɗan Umaru har Agadas neman ilimi. Kantun gishirin da kakanninmu suka ba dabbobinsu, Barebarin Bilma da Fashi ne suka sarrafa shi, Abzinawa suka ƙetare Tenere da shi, suka sauke raƙumansu a gonakin Hausawa bayan girbi, suka bar taki suka ɗauki hatsi. Sarauniya ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a Lugu a 1899, Kawusan ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Wannan duk tarihin kowane yaro ne, ba na ƙabilarsa kaɗai ba. Amma a koyar da ɗacin tare da zaƙin: an yi hare-hare, an kama bayi, an sayar da su ƙetaren Sahara, kuma babu babbar al'umma a ƙasar nan da hannunta ke da tsabta, har da sarakunan Hausa. Yaron da aka gaya wa cewa bauta zalunci ce da aka yi wa mutane, ba hali ba ne da ke cikin jini, zai yi wuya ya sake jifan ɗan ajinsu da ita. Shirun da littattafanmu ke yi a kan wannan babi bai kare kowa ba sai masu gorin asali.

Duk wannan a wuyan malami zai rataya, kuma mun san halin da yake ciki. Mafi yawan malaman firamare ƴan kwantaragi ne, albashi kaɗan, horo gajere, a tura mutum garin da bai taɓa jin sunansa ba, cikin mutanen da ba ya jin ko gaisuwarsu. Makarantar horon malamai ta Damagaram na ɗauke da sunan Askiya Muhammadu, ta Tilaberi kuma na ɗauke da sunan Tanimun; wato Sarkin Songai ya sauka gabas, Sarkin Damagaram ya sauka yamma. Kyakkyawan tunani ne, amma ya tsaya a allon bakin ƙofa. Abin da ake buƙata a cikin waɗannan makarantu shi ne kowane ɗalibin malami ya fita da harshen ƙasa na biyu gwargwadon gaisuwa da umarnin aji, ya san manyan al'adun yankin da za a tura shi, ya kuma gwada aikin ƙungiya da hannunsa kafin a ba shi alli. Haka kuma a rubuta cikin dokar kowace lakwal cewa gorin asali ko launi ko bauta laifi ne mai hukunci, ko daga bakin ɗalibi ya fito ko daga bakin malami, kuma masu duba makarantu su riƙa tambayar direkta sau nawa abin ya faru da abin da ya yi. Wannan shi ne sharaɗi na huɗu, goyon bayan hukuma a fili.

Za a ce mana ƙasar da azuzuwan zana ke cin wuta da yara a ciki, kamar yadda ya faru a Yamai a watan Afrilu 2021 da Maraɗi a watan Nuwamba na shekarar, ƙasar da ɗaruruwan makarantu suka rufe a Tilaberi saboda ƴan bindiga, tana da abin da ya fi wannan gaggawa. Ba mu musa ba, a gina azuzuwa. Amma masu ɗaukar matasa aikin ta'addanci a iyakar Mali da Burkina da me suke farauta, in ban da labarin raini da wulaƙanci da yaro ya haɗiya tun yana ƙarami? Wanda ya bar lakwal a CE1 don ya gaji da zama abin dariya, ba ofishin gwamnati ba ne zai sake nemansa.

Saura ku, masu karatu. Alhajin da motocinsa ke bin hanyar Agadas da Arlit, wanda amanar dukiyarsa ke hannun direba Ba'abzine da dillali Batube, ya san da wane irin baki ake riƙe abokin ciniki. Ya saurari abin da ɗansa ke faɗa a kan waɗannan mutane idan ya dawo daga lakwal. Ma'aikacin da yau ke Maraɗi cikin danginsa, takarda guda ta isa ta mai da ɗiyarsa ita kaɗai ce Bahaushiya a wani aji na Tera ko Iferwan, kuma ranar zai so a ce an koya wa yaran can abin da muke roƙo a koya wa na nan. Kuna cikin ƙungiyoyin iyayen yara, wasunku ke shugabantar su, kuma taron da ake yi a kan kuɗin alli da gyaran rufi na iya ɗaukar wannan batu ba tare da jiran izini daga Yamai ba.

Daga ma'aikatar ilimi kuwa, abin da muke jira kafin komawa lakwal a watan Oktoba bayani ne a rubuce, wanda kowane uba zai iya karantawa: da wane harshe ɗan Makalondi da ɗan Ngurti za su koyi karatu a CI, wane harshen ƙasa za a koya wa ɗan Madarumfa bayan nasa, awa nawa a mako, kuma malamai nawa aka horar domin haka.